Ciyawar Bokasa Na Cinye Gamba, Mu Kuwa Muna Lissafin La'ada

'Yan'uwa fatake da dillalai, na nan Kilomita Biyar da na kan hanya.

Duk zaman da muka yi, maganarmu ba ta wuce kuɗin mota da shingayen hanya da takardun duwan a Garwa Bulai. To, akwai wata asara da ba mu sa ta a lissafi, alhali kuwa ita ce ke rage mana nama a jikin kowane sa tun bai iso kara ba. Watau maganar ciyawa.

Abin da ya jawo Bararo daga Adamawa ta Kamaru zuwa ƙasar Buwar da Bokaranga a shekarun 1920, daga baya har Bambari, ai ciyawa ce. Sun tarar da daji shimfiɗe da gamba da danginta, masu saiwa mai zurfi, waɗanda ko an sa wuta sai su sake toho. Iyayenmu Hausawa kuma suka bi sawunsu da gishiri da kanwa da tufafi. Kowa a cikinmu ya san gamba: tana fitowa dunƙule-dunƙule, ta fi mutum tsawo, ganyenta da farin layi a tsakiya, da karanta ake saƙa zana. Kyasuwa ma saniya na sonta, sai dai ta damina ɗaya ce, da rani ta mutu. Tofa kuwa, in ka ga ta yi yawa, ƙasar ta gaji, kuma in ta ƙosa dabba ba ta kula ta.

Wani abin mamaki, gambar da muke takawa mu wuce, wasu sun ɗauke ta da daraja. Irin da aka kwasa daga Shika kusa da Zariya, shi aka raba wa makiyayan Kolambiya da Barazil a 1980. A Ostareliya har yau da sunanta na Hausa ake kiranta, kodayake can ta fi ƙarfinsu, ta zama annoba. Mu nan gidanta ne, amma tana ja da baya.

Wadda ke korarta ita ce ciyawar da makiyaya ke kira bokasa, Faransawa kuma su ce ciyawar Lawos. Asalinta daga nahiyar Amurka take. A wasu ƙasashen da ta shiga an laƙa mata sunan wani mai mulki ko ɗan siyasa: a Gana Acamfon, a kudancin Nijeriya Awolowo ko Akintola, mu nan aka ba ta sunan mutumin da ya riƙe ƙasar daga 1966 zuwa 1979. Gane ta ba wuya. Ganyenta biyu-biyu ne suna kallon juna, mai tsini, da jijiya uku, in ka murza sai wari mai ƙarfi ya buge ka. Da farkon rani take fure, fari-fari da ɗan shuɗi, 'ya'yan kuma su bi iska, ko su manne a gashin shanu da jikin mota. Eh, har da motocinmu. Takan yi duhuwa mai mita 2 zuwa 3, saniya ba ta ci, ba ta ma iya ratsawa, ƙarƙashinta kuma babu abin da ke tsirowa. Tsando na samun inuwa a ciki, ga sammore ke nan. Wanda ya bi hanyar Bosambele da Yaloke ya ga abin da muke faɗa da idonsa. Gaskiya ruwan ganyenta na tsayar da jinin rauni, amma wannan bai kai kuɗin akuya ba.

Yadda take samun ƙofa shi ya kamata mu fahimta. In garke ya zauna wuri guda duk damina yana aske gamba tana toho, saiwar sai ta raunana. Rani ya zo, babu busasshiyar ciyawar da za ta ba wuta ƙarfi, wutar sai ta lashi sama-sama ta wuce. Nan ne bokasa da ƙananan itatuwa ke kafa gindi. Ashe ke nan wutar da wasu ke zagi, in an sa ta a kan lokaci a filin da ya huta, ita ce ke share dajin. Kuma ina aka fi aske ƙasa? Gefen kara, da burtali, da masaukin da muke tsare shanu muna jiran ciniki ko jirgin Birazabil. Rikicin 2013 da 2014 ya ƙara dagula abin, don shanu sun cunkushe a 'yan wuraren da ake da kwanciyar hankali.

Wani zai ce wannan aikin FNEC ne da ANDE, ko na Arɗo, mu saye da sayarwa muka sani. Ba mu yarda ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa ruwa da ciyawa da wuta tarayya ce tsakanin mutane, wanda ya ci moriyar tarayya kuwa gyaranta na wuyansa. In sa ya rame, mahauci ba Arɗo yake ragewa kuɗi ba.

Don haka shawararmu ga ƙungiya ita ce a ware wani abu kaɗan daga kuɗin da ake karɓa kan kowane kai, a ajiye shi daban da sunan ciyawa, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Da shi za a ɗauki samari su sare bokasa kafin ta yi fure, su tone gindinta da magirbi, don in an sare kawai sai ta dawo da ƙarfi. A raba masaukin shanu gida uku, a bar kashi ɗaya ya huta damina guda ko biyu, da yardar Arɗo da sarakunan ƙauyukan da ke kewaye, in ba haka ba wani garke zai shiga da dare. Gamba ba ta buƙatar sayen iri: a kakkaɓe kanta in ruwa ya ɗauke, ko a tsaga dunƙulenta a dasa da ruwan farko. Direbobi kuma su share mota kafin su tashi daga inda abin ya yi yawa.

Muna roƙon shugabanni su sa wannan magana a zama mai zuwa, kafin furen bana ya buɗe.