Murar aladu: Cutar da sunanta ke sa mutane sakaci

A ƙarshen shekarar 2017, ɗalibai huɗu suka rasu cikin 'yan kwanaki a makarantar kwana ta Kumasi Academy da ke Ghana. Da farko an zargi sanƙarau, sai daga baya gwaji ya nuna ƙwayar cutar H1N1 ce, wadda aka fi sani da murar aladu.

Da yawa cikinmu da sun ji sunan sai su ce ba ruwansu, tunda ba sa kiwon alade balle cinsa. Amma cutar ba ta cikin nama take ba. Daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa, ta tari da atishawa da hannun da ya taɓa majina.

Daga annoba zuwa murar kowace shekara

Cutar ta ɓulla a Meziko da Amurka a 2009, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annoba a ranar 11 ga Yuni. Masar ta yanke shawarar kashe aladun ƙasar, kimanin 300,000, amma hakan bai hana cutar shiga ba.

Hukumar CDC ta Amurka ta ƙiyasta cewa mutum 151,700 zuwa 575,400 ne suka mutu a shekarar farko, kusan kashi 80 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 65.

An sanar da ƙarshen annobar a Agustan 2010, sai dai ƙwayar ba ta tafi ko'ina ba. Ta shiga sahun murar da ke zagayowa duk shekara. A Indiya ta kashe sama da mutum 2,000 a 2015.

Inda gizo ke saƙar

Alamominta sun haɗa da zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, tari, ciwon maƙogwaro, ciwon kai da na gaɓoɓi da kasala, wani lokacin da amai ko gudawa. A wurinmu kusan duk zazzaɓi maleriya ake kiransa, a wuce kemis a sayo magani ba tare da gwaji ba.

Nan ake asarar lokaci. Maganin oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu, ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48 da bayyanar alamomi, kuma yawanci kwana biyar ake sha. Kafin a gama maganin maleriya na kwana uku a ga babu sauƙi, wannan damar ta wuce. Duk da haka likitoci na bai wa wanda jikinsa ya tsananta ko da an makara.

Ana tabbatar da cutar ne da gwajin PCR na majinar hanci ko maƙogwaro, wanda ba kowane asibiti ke da shi ba. Shi ya sa ƙa'ida ita ce kada likita ya jira sakamako kafin ya fara bai wa mai rauni magani.

Masu raunin su ne mata masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi, da masu asma, ciwon suga, ciwon zuciya ko sikila.

A garzaya asibiti idan numfashi na yin sama-sama, ko ƙirji na ciwo, ko mutum ya rikice, ko yaro ya ƙi shan komai, ko zazzaɓi ya sauka ya sake dawowa da tari mai tsanani. Kada a bai wa yaro asfirin, domin yana iya illata hanta da ƙwaƙwalwa. Magungunan antibayotik kuma ba sa kashe wannan ƙwayar.

Rigakafi

Allurar mura ta shekara-shekara na ɗauke da kariya daga H1N1, kuma Saudiyya na shawartar maniyyata su yi ta. Sai dai ba ta cikin jerin alluran da ake yi wa yara kyauta a Najeriya.

Abin da ke hannun kowa shi ne wanke hannu da sabulu, rufe baki yayin tari, buɗe tagogi, da keɓe marar lafiya. Makarantun kwana da tsangayu, inda yara ke kwana a cunkushe lokacin hunturu, su ya kamata su fi lura. Idan yara da yawa suka kwanta da zazzaɓi da tari lokaci guda, a sanar da jami'an lafiya na ƙaramar hukuma a ranar, kada a jira a ga abin da gobe za ta haifar.