Digirin digirgir: Jami'o'inmu su daina cin tuwo kowa a ɗakinsa

A watan jiya an gayyace ni wata jami'a a matsayin mai jarrabawa na waje, domin sauraren wani ɗalibi da zai kare kundin digirinsa na digirgir. Shekara bakwai ya yi yana fama. Da muka zo babi na huɗu na tambaye shi dalilin da ya sa bai auna sinadaran da ke cikin ƙasar da ya ɗebo daga gonaki ba, alhali a kansu binciken ya ginu. Sai ya sunkuyar da kai ya ce na'urar sashensu ta lalace tun yana shekara ta biyu, kuɗin aika samfurin zuwa waje kuma ya fi albashinsa na wata shida. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na san wata jami'a, tafiyar da ba ta kai awa uku ba daga inda muke zaune, mai irin wannan na'ura lafiya lau, tana rufe da leda ba mai taɓa ta. Shi bai sani ba, mai duba aikinsa bai sani ba, kuma ko sun sani babu wata ƙa'ida da za ta buɗe musu ƙofa.

Mai karatu, wannan lamari ya wuce matsalar ɗalibi guda. Wanda ya sami digirin digirgir yau shi zai duba kundin wasu gobe. Idan ya fito da rauni, raunin zai bi ɗalibansa da ɗaliban ɗalibansa. Jami'o'i suna ta ƙaruwa, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta daɗe tana matsa wa malamai su mallaki wannan digiri, ƙwararrun da za su horar da su kuwa ba su ƙaru daidai da buƙata ba. Hanyar da muka saba bi ta tura malamai Ingila ko Maleshiya ita ma ta ƙuntata, domin daga farkon shekarar 2025 asusun TETFund ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin masu zuwa karatu ƙasashen waje, saboda tsadar canji da kuma waɗanda suke tafiya su ƙi dawowa. Ke nan a gida za a horar da mafi yawan masu zuwa, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Haɗa hannu wajen horar da malami ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Magabatanmu ba su ɗauki ilimi a zaure ɗaya ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi karatu wurin malamai da dama, har ya bi Malam Jibrilu ɗan Umar zuwa Agadas. Malami yakan karantar da almajiri fannin da ya ƙware a kai, sannan ya ce masa je ka wurin wane, ya fi ni sanin wannan littafi. Jami'o'inmu ma da tallafin wasu suka tashi. Kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948 digirin Jami'ar Landan take bayarwa har zuwa 1962. Jami'ar Ahmadu Bello ta gina tsangayun aikin gona da likitancin dabbobi tare da Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, Jami'ar Bayero kuwa a ƙarƙashin Zariya ta girma kafin ta ci gashin kanta.

A zamaninmu akwai misalai da suka yi nasara. A 2007 aka kafa cibiyar WACCI a Jami'ar Ghana tare da Jami'ar Cornell, domin horar da masu inganta irin shuka. Ɗalibi yana fara darussa a Legon, sannan ya koma ƙasarsa ya yi bincike a kan gero ko dawa ko wake, a gonar da za a shuka irin. A 2008 aka kafa gamayyar CARTA, wadda cibiyar APHRC ta Nairobi da Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu ke jagoranta, Ibadan da Ife suna cikinta. Ɗalibi yana rajista a jami'arsa, amma sau huɗu a tsawon karatunsa ana tara shi da takwarorinsa na sauran jami'o'i, a koya musu dabarun bincike da nazarin alƙaluma da rubutun ilimi. Shirin WASCAL da Jamus ke tallafawa ya raba fannonin sauyin yanayi tsakanin jami'o'in Afirka ta Yamma, ciki har da Minna da Akure da Yamai. Bankin Duniya kuma a 2014 ya fara tallafa wa cibiyoyin ƙwarewa, kamar Cibiyar Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero.

Abin da ya haɗa waɗannan shirye-shirye shi ne kowace jami'a ta amsa cewa ba ta mallaki komai ba. Wannan amsawar ce take yi mana wuya. Na san za a ce duk da kuɗin Turawa aka yi su, ranar da suka janye sai a rufe shago. Akwai gaskiya a nan, kuma mun sha gani. Za a kuma ce yarjejeniyoyi nawa aka sa wa hannu, aka ɗauki hoto, aka kulle a durowa? Wannan ma haka ne. Ga yajin aiki, irin na 2022 da ya ci wata takwas, wanda ya bar kowace jami'a da kalandarta daban. Sai dai akwai abubuwan da ba sa buƙatar dala ko ɗaya daga waje.

Na farko, jami'o'in da ke maƙwabtaka, a ce Kano da Zariya da Katsina da Dutse da Sakkwato, su fitar da jerin na'urorin bincike da kowacce ta mallaka, da farashi ɗaya mai sauƙi ga kowane ɗalibin gamayyar. Na biyu, a halasta duba kundi na haɗin gwiwa, a biya malamin da ke waccan jami'a haƙƙinsa a kan lokaci, a kuma lissafa masa aikin idan an zo ƙarin girma. Malamin da ke riƙe da ɗalibai goma sha biyar shi kaɗai ba duba aiki yake yi ba, sa hannu kawai yake yi. Na uku, a riƙa tara sababbin ɗaliban digirgir na fanni ɗaya mako uku a shekara, bana a wannan jami'a baɗi a waccan, su gabatar da aikinsu gaban malaman da ba su san su ba, ba kuma sa jin nauyinsu. Kuɗin da TETFund ke kashewa a da kan mutum guda a Ingila zai ɗauki nauyin irin wannan zama ga ɗalibai da yawa.

Kada kuma mu manta da arewa da iyaka. Maraɗi ta fi kusa da Katsina a kan Kaduna, akwai jami'a a can, akwai a Damagaram. Hamada ɗaya ke cin gonakinmu, ƙwari ɗaya ke cin geronmu, sanƙarau ɗaya ke kama 'ya'yanmu. Su da Faransanci suke rubutu, mu da Ingilishi, amma manomin da za mu yi wa tambaya da Hausa zai amsa mana duka.

Ɗalibin nan mun ba shi gyara mai yawa, na kuma rubuta wa wani abokina wasiƙa ya taimaka a auna masa samfurinsa. An auna cikin kwana tara. Sanayya ce ta yi masa rana, ɗalibin da ba shi da wanda ya sani kuwa yana nan yana jira. Ina roƙon shugabannin makarantun karatun gaba da digirin farko su sa wannan batu a ajandar zamansu na gaba, su fara da jami'a biyu da fanni ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa mu dace.