Dabbar da ta ɓace amanar gari ce

Idan dabba ta ɓace, ko aka kama ta cikin gona da damina, gidan maigari ake kai ta. A ɗaure ta, a yi cigiya. Wani lokaci sai a yi mako mai ita bai zo ba. Wa zai ciyar da ita? Sau da yawa cikin rana take wuni, ba ruwa, ba ciyawa, har ta rame ko ta mutu.

A ganina, bai dace a bar wa maigari wannan nauyi shi kaɗai ba. Taimakon ba sai da kuɗi ba. Samari su kafa rumfar kara. Manomi ya kawo damin harawa, uwargida ta kawo tiyar dusa. Mai amalanke ya zuba ruwa, domin jaki yana shan kusan lita 20 a rana lokacin zafi. Dabba mai zawo ko majina a ware ta, a kira malamin dabbobi, kada ciwon ya kama sauran. Ranar kasuwa kuma a sake yin cigiya.

Jama'a, yau tunkiyar baƙo ce a turke, gobe tamu ce.