A Auna Kafin A Yanka: Darasi Daga Ƙugin Salansa

Yau kam maganar mota zan yi, kuma na san wani zai ce mu da muke fama da kuɗin haya da na makarantar yara, ina ruwanmu da motar masu hannu da shuni? To a ɗan daure a karanta zuwa ƙarshe, domin abin da ya faru da wannan mota shi ne yake faruwa da mai tasi da mai a-daidaita da mai janareto a cikinmu, bambancin kawai yawan kuɗin da ake asara ne.

Wani ɗan aminina, wanda a gabana aka haife shi a nan Agege, Allah Ya buɗa masa a harkar canji, sai ya sayi Mercedes C63 AMG mai ƙofa biyu, ƙirar 2012, 'yar tokumbo, mai injin silinda 8 da girman lita 6.2. Mota ce da dama can tana da murya tun daga kamfani. Amma abokansa suka ce masa ai ba ta ruri yadda ya kamata, shi kuwa ya kai ta wurin wani mai walda aka yanke tukunyar tsakiya ta salansa, aka jona miƙaƙƙen bututu a wurin. A cikin gari abin ya yi masa daɗi, ko'ina ya taka totur sai an waiwayo.

Ranar da ya ɗauke ni zuwa ɗaurin aure a Sabon Ibadan na gane halin da yake ciki. Muna wuce Berger, hanya ta buɗe, mota ta daidaita a kan gudun kilomita 100 da 'yan kai, sai wani ƙugi mai nauyi ya cika cikin motar, wuuuuu, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ba a kunne kaɗai ake jin sa ba, har a ƙirji da ƙeya. Kafin mu kai mahaɗar Shagamu kaina ya fara sarawa, kuma magana sai da ɗaga murya. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ka ji abin da nake fama da shi ke nan wata biyu."

Ashe ya riga ya zaga gareji uku. Na farko ya ce boris ne, aka canza na baya. Na biyu ya ce tayoyi ne, aka sayi huɗu sababbi. Na uku ya ce indomi ce ta toshe, a fasa a zubar, har ma ya ce zai rage masa kuɗin aiki idan aka bar masa abin da aka ciro. Na ce, "Ɗana, a cikin su ukun nan wa ya shiga motar kuka hau babbar hanya ya ji ƙugin da kunnensa?" Ya ce babu ko ɗaya. To a nan ne matsalar take, kuma ita ce ta sa na zauna yin wannan rubutu. Ra'ayina shi ne, duk bakanikin da bai ji ciwon da kansa ba, bai kuma auna ba, bai cancanci a ba shi izinin yanka ko ƙarfe ɗaya ba, komai sunansa a gari.

Ni ba injiniya ba ne, amma na yi shekaru ina yaron gareji a Kano, ana aike na Ƙofar Ruwa sayen kaya, kafin neman abinci ya kawo ni Legas. Abu na farko da maigidana ya koya mini shi ne raba ƙara biyu: wadda take bin gudun mota da wadda take bin juyin inji. Gwajin kyauta ne. A kan gudun da ƙugin ya fi ƙarfi, sai ka sauke giya ɗaya ko biyu amma ka riƙe gudun yadda yake. Idan ƙarar ta tsaya a inda take, to taya ne ko boris, domin su ba ruwansu da giya. Boris kuma yakan canza murya idan ka ɗan karkata sitiyari hagu ko dama. Idan kuwa ƙarar ta ɓace da zarar allurar juyin inji ta tashi, ko ta yi sauƙi da ka ɗage ƙafa daga totur, to salansa ce. A hanyarmu ta dawowa muka gwada. A giya ta bakwai allura tana kan 1,800, ƙugi ya cika mota. Ya sauke zuwa ta biyar, allura ta haye 2,400, sai shiru kamar an ɗauke ruwa. Minti biyu ke nan suka nuna cewa kuɗin boris da na tayoyi sun tafi a banza.

Mataki na biyu shi ne a ɗaga motar a duba abubuwa masu araha. Robobin da suke rataye salansa, idan suka tsage ko suka bushe, bututu yana taɓa bodi, sai jijjiga ta shiga cikin mota kai tsaye. Haka ma mazaunin inji idan ya zube, kuma ramukan hanyoyinmu ba sa barin waɗannan abubuwa su yi tsawon rai. Akwai faifan gwangwanin da yake kare zafi, shi kuma idan ya kwance kacau-kacau yake yi, ba ƙugi ba. Sai a nemi baƙin hayaƙi a wuraren joni, wanda yake nuna huda. Wannan na ƙarshen ba maganar ƙara ba ce kawai, domin a cikin hayaƙin inji akwai iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda take kashe iyali gaba ɗaya idan suka kwana da janareto a cikin gida. A motar ɗan namu roba ɗaya ce ta tsage, aka canza, ƙugin ya ɗan ragu amma bai tafi ba.

To me yake kawo ƙugin shi kansa? Duk lokacin da silinda ta ƙona mai, tana tura hayaƙi cikin bututu da bugu ɗaya. A inji irin na motocinmu, kowace silinda tana bugu sau ɗaya ne a juyi biyu. Saboda haka lissafin mai sauƙi ne: juyin inji a minti, a ninka da yawan silinda, a raba da 120. A tamu motar 1,800 sau 8 a raba da 120 ya ba da bugu 120 a daƙiƙa ɗaya. Muka sauke manhajar auna sauti a waya, ya tuƙa ni kuma ina riƙe da wayar, sai ga tsauni ya fito a daidai 120 Hz ko kusa da haka. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa a cikin iska mai matsakaicin zafi, wato tsawon igiyar wannan sauti ya kusa mita 2.9, rabinsa kuwa ya yi kusan daidai da faɗin cikin mota. Shi ya sa ɗakin motar yake amsawa kamar cikin ganga. Tukunyar da aka yanke, aikinta dama shi ne ta danne irin wannan amo kafin ya kai baya. Injiniyoyi ba don ado suka sa ta ba.

Duk wanda ya taɓa busa bakin kwalba yana yaro ya san cewa kowane rami yana da muryarsa, kuma idan ka zuba ruwa a kwalbar muryar ta canza. Wani masani Bajamushe mai suna Hermann von Helmholtz ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1863, kuma har yau akwai tukwanen salansa da ake ƙerawa bisa wannan ilimi. Mu kuwa wata dabara mai kama da ita muka bi, wadda mai walda na unguwa zai iya yi. Ana jona wani bututu a gefen salansa, a toshe ƙarshensa, tsawonsa ya zama kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon igiyar sautin. Bugun ya shiga, ya daki murfin, ya dawo, ya yi tafiyar rabin igiya ke nan, sai ya tarar da na bayansa a kishiyance, wannan yana turawa wancan yana ja, su kashe juna. Hayaƙi ba ya bi ta ciki, don haka ƙarfin mota ba ya raguwa, kuma rurin da yaron yake so idan ya taka totur yana nan, amo ɗaya tak aka cire.

A lissafi, 343 a raba da 480 ya ba da kusan santimita 71. Amma sauti ya fi gudu a iska mai zafi, don haka a zahiri bututun yakan so ya ɗan fi haka tsawo. Sai muka sa aka yi shi mai zugewa, wani a cikin wani, tsakanin santimita 70 zuwa 85, ɗaya a kowane ɓangare tunda salansar biyu ce. Wani dattijo Bayarabe ne ya yi mana aikin a kusa da Ladipo, kuma abin da ya burge ni da shi, bai ji kunyar shiga mota ya saurara ba. Sau uku muka hau hanya muna dawowa ana zugewa kafin a yi waldar ƙarshe. Yanzu ana hira a cikin motar ba tare da ihu ba.

Na san wani zai ce me ya hana a mayar da tukunyar asali kawai? Gaskiya ne, da tana nan ita ce mafi alheri, kuma ita nake ba kowa shawara ya fara nema. Sai dai tun ranar da aka yanke ta aka sayar wa 'yan gwangwan, wataƙila ma 'yan uwanmu ne suka auna ta a sikeli. Wani kuma zai ce a shimfiɗa soso da roba a but. Wannan yana rage ƙarar taya da ta gwangwani, amma amo mai kauri irin wannan ratsa shi yake yi.

Maganar indomi kuwa, a nan ne nake so mu buɗe ido sosai. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda suke rage gubar hayaƙi, kuma ana sayenta da kuɗi masu kauri. Saboda haka duk wanda ya yi saurin cewa a fasa ta, ka tambayi kanka wa zai amfana. Indomin da ta toshe alamarta ita ce mota ta rasa ƙarfi, ta ƙi jan gudu, ba ƙugi a juyi ɗaya ba. Da an cire ta, da ƙugin ya ƙaru, fitilar inji ta kama, hayaƙi ya yi wari, an yi gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Akwai kuma masu cewa motarsa ce, kuɗinsa ne, ya yi yadda ya so. To amma kunnen maƙwabci ba nasa ba ne. Mu baƙi ne a garin mutane ko da an haife mu a nan, kuma idan ɗayanmu ya tayar da unguwa da ƙarfe biyun dare, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawan nan ne. Iyayenmu da suka kafa zango a Agege da Idi-Araba da Sabo, da mutunci da sauƙin kai suka samu wurin zama.

Ciwonmu shi ne muna miƙa makulli mu ce "a gyara", mu koma kasuwa, ko don kunyar a ce ba mu sani ba, ko don harshe bai faye haɗuwa ba. Alhali mai tambaya ba ya ɓata. Kafin ka yarda a yanka ko a canza, ka ce wa bakanike ya nuna maka yadda ya gane, ya faɗi abin da zai faru idan ba shi ba ne, kuma duk abin da aka ciro a saka maka a but ka tafi da kayanka. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya ji haushi kuwa, ka karɓi makullinka tun da sauran mutunci.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da lafiyarmu, Ya kai mu gida lafiya duk lokacin da muka tashi.