Saje Rutledge: Wa Aka Wanke, Wa Aka Manta?

'Yan'uwa ɗalibai, na gaji da jin masu cewa fim ɗin Sergeant Rutledge, wanda John Ford ya yi a 1960, ya fidda baƙar fatar Amurka kunya. Ni ban yarda ba.

Labarin wani saje ne baƙar fata na rundunar sojan doki ta 9, wanda aka gurfanar gaban kotun soja bisa zargin ya yi wa wata 'yar Bature fyaɗe ya kashe ta, ya kuma kashe ubanta, kwamandansa.

Yabon gwani ya zama dole. Woody Strode ya fito da kwarjini, kuma dalilin gudun sajen gaskiya ce mai ɗaci: ya san farar fata ba za su gaskata shi ba.

To, amma me ya cece shi? Shari'a? Ina! Sai da wani Bature mai kanti ya ruɗe gaban alƙalai ya amsa laifin da bakinsa. Da ya yi gum fa? Sai rataya. Wannan sa'a ce, ba adalci ba.

Sannan da me sajen ya tabbatar da mutuncinsa? Da yaƙar 'yan ƙabilar Apache, masu ƙasar tun asali, waɗanda ba a ba su bakin magana ba ko sau ɗaya. An share wa wani hawaye da jinin wani ke nan.

Ku kalle shi, ya cancanta. Amma ku riƙa tambaya: kotun ta wace ce?