Madubin hangen nesa mai araha da aibin da hoto ba ya kamawa

A ƙarshen Sha'aban da ya gabata na sayi madubin hangen nesa ta intanet, mai lamba 10x50, don neman jinjirin wata da kallon tsuntsayen fadamar Haɗeja da Nguru. Lamba 10 na nufin abu zai matso ninki goma, 50 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, kuma shi ke tara haske bayan faɗuwar rana. Idan ka ga an buga 60x60 a jikin ɗan ƙaramin madubi, ka wuce abinka. Ko da gaskiya ce, hannu ba ya riƙe abin da ya haura ninki 12 ba tare da hoton ya yi ta rawa ba.

Araha ba laifi ba ce a nan. Madubi mai sauƙin kuɗi na iya yi wa mutum aiki shekaru. Inda masana'anta ke rage kashe kuɗi shi ne wajen saita bututun biyu su dubi wuri guda daidai, da kuma duba kowane ɗaya kafin ya fita. Nawa ya zo da wannan aibin. Na dubi hasumiyar masallaci sai na ga biyu, ɗaya ta ɗan ɗara ɗaya, kafin minti biyar kaina ya ɗauki ciwo.

Da na tuntuɓi sashen kula da abokan ciniki, sai aka ce in turo hoton inda ya fashe. Babu inda ya fashe. Aibin yana tsakanin ido biyu ne, kyamarar waya kuwa ido ɗaya gare ta. Ban ga laifin yarinyar da ke amsa saƙon ba, tsarin da aka ba ta na mayar da takalmi da tukunya ne. Amma dillalin da ke sayar da kayan gani ya kamata ya san yadda suke lalacewa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi, rubutun "ba a mayarwa" a kan rasit kuma ba ya soke ta.

Saboda haka ni yanzu sharaɗin mayarwa nake fara karantawa kafin farashi, kuma ranar da kaya ya iso nake gwada shi. Ka saita shi a kan wayar lantarki mai nisa, ka ja fuskarka baya kaɗan: idan wayar ta karye a tsakanin gilasan biyu, saitin ya goce. Ka yi ƙorafi a rubuce, ka ajiye kwali da rasit.

Sai da na ambaci dokar a saƙo na huɗu aka yarda a canza mini. Sabon ya iso azumi yana kwana 19.