Titin Samaru zuwa Sabon Gari: Abin da ranar Lahadi ke tonawa

Wanda yake son sanin lafiyar titin da ya haɗa Samaru da Sabon Gari a Zariya, ya bar ranar Litinin, ya fito ranar Lahadi. Tun da sassafe a-daidaita-sahu da 'yan acaɓa ke ɗibar iyalai masu zuwa coci, wasu daga Samaru da Palladan zuwa Sabon Gari, wasu ɗalibai zuwa majami'un da ke cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Da rana su dawo. Kafin titin ya huta, matasa sun fara tururuwa gidajen kallon ƙwallo saboda wasannin Firimiyar Ingila. A wurin kallo kuwa ba a tambayar addini: wanda ya fito daga sujada da wanda ya idar da la'asar benci ɗaya suke zama, rigimarsu ba ta wuce Arsenal da Manchester United.

Dukansu hanya ɗaya ke ɗauke da su, kuma ba tasu ce su kaɗai ba. Wannan titi wani yanki ne na babbar hanyar tarayya da ta nufi Funtuwa da Gusau da Sakkwato. A Kwangila ya haɗu da tagwayen hanyar Kaduna zuwa Kano. Shi ne kuma hanyar da mara lafiya zai bi daga cikin gari zuwa Asibitin Koyarwa na Shika. Wato tirela mai ɗauke da buhunan masara, da motar asibiti, da uwa mai riƙe da yara uku sanye da kayan coci, duk a kan kwalta ɗaya suke neman wucewa.

Yadda garin ya ginu ne ya jawo haka. Sabon Gari ya tashi da zuwan jirgin ƙasa wajajen 1911, ya tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, shi ya sa tsofaffin coci-coci suka yi yawa a can, ciki har da babbar majami'ar Katolika ta Christ the King. Samaru kuma ta bunƙasa ne da binciken aikin gona, sannan da jami'ar da aka buɗe a 1962. Unguwanni suka yi ta cike filin da ke tsakani, har hanyar matafiya ta koma titin cikin gari ba tare da an sake mata tsari daidai da sabon aikinta ba.

An yi aiki a yankin, wannan ba abin musu ba ne. Kamfanin Julius Berger ya sake gina hanyar Kaduna zuwa Zariya, aka ƙaddamar da ita a watan Mayun 2023. Amma gwamnatoci da kilomita suke auna nasara, shi kuwa mai tafiya a ƙasa tambayarsa daban ce: ina zan tsallaka, ina ruwa zai bi, wa zai gan ni da dare?

Maganar ruwa ita ce babba. Kwalta fata ce kawai. Ƙarfin titi yana ƙarƙashinta, a cikin tsakuwa da jar ƙasar da aka daddage. Shi ya sa ake ɗan ɗaga tsakiyar titi domin ruwa ya gangara gefe ya faɗa kwata. Idan kwata ta cika da yashi da ledar fiya-wata, ruwan sai ya kwanta a bakin titi, ya tsatsafa ta tsagar kwalta, ƙasan ya yi laushi. Tirela ɗaya mai lodi fiye da kima ta taka wurin, ɓarnar da za ta yi ta fi ta dubban ƙananan motoci. Daga nan rami ya buɗe. Ciko da ake zuwa a yi, a watsa kwalta a tafi, bai taɓa cutar ba, shi ya sa ramin ke dawowa a gurbinsa damina mai zuwa. Abin dariya, a watan Agusta da ruwa ya fi ƙarfi a Zariya, a nan ne kakar Firimiya ke farawa.

Sai batun dare. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, manyan wasannin Gasar Zakarun Turai da ƙarfe 9 na dare suke farawa a agogon Najeriya, a tashi wajen 11. A lokacin ne ɗaruruwan matasa ke fitowa gaba ɗaya, rabi na murna rabi na huci, su hau babura ko su ratsa titi, daidai sa'ar da direbobin manyan motoci suka ga hanya ta yi sarari suka taka wuta. Haka masu dawowa daga addu'ar dare, musamman daren shiga sabuwar shekara. Inda babu fitila, mai baƙar riga ba ya ganuwa sai mota ta zo kansa.

Akwai kuma abin da tsaro ya ƙara. Tun bayan hare-haren 17 ga Yunin 2012 a kan coci-coci a Sabon Gari da Wusasa, majami'u da dama suka koma hana ajiye mota kusa da gini a lokacin ibada. Babu mai ganin laifinsu. Sai dai motocin sun koma gefen titi, masu tafiya a ƙasa suka gangaro tsakiya.

A ganina, abin da ya fi ɗaure kai shi ne Zariya ba ta rasa masana ba. Jami'ar Ahmadu Bello na yaye injiniyoyin hanya duk shekara, ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, da aka kafa a 1986 tana nan a hanyar Basawa. Ƙidayar motoci da masu tsallaka titi a Kwangila da Palladan da kasuwar Samaru, ranar Lahadi da safe da kuma daren Laraba, aiki ne da ɗaliban ajin ƙarshe za su iya kammalawa a zango ɗaya. Matsalar ita ce wa za a miƙa wa sakamakon. Titin na tarayya ne, gyaransa na hukumar FERMA, shara da kasuwancin bakin hanya kuma suna hannun jiha da ƙaramar hukumar Sabon Gari. Kwatar da ke tsakaninsu ita ce marainiya, kuma yasarta kafin ruwan farko ya fi sabuwar kwalta arha nesa ba kusa ba.